Sulen Habasha a Tukunyar Mama

Guan Shutian ya ɗaga jarida, ya ɗaga kofin shayi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Babu. Sai 'yar takardar da sulen ya zo a ciki, an ninke ta an ajiye.

Sulen azurfa ne na ƙasar Habasha, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, da zaki riƙe da tuta a jikinsa. Tun yana saurayi yake tara kuɗin ƙasar da bai taɓa takawa ba, gurbi ɗaya ya rage masa a akwatin da yake jera su. Jabu kam an sha sayar masa a kasuwar birnin Shenyang. Wannan na gaske ne, baƙin da tsufa ya sa masa ba wanda ya taɓa. Jiya jiya ya iso.

"Mama, wa ya shiga ɗakina?"

Tsohuwar tana kicin ita da ƙanwarsa Shulan, hannunsu duk fulawa, suna ƙulla jiyawzin sabuwar shekara, 'yan ƙullin fulawa masu nama da kabeji a ciki.

"Ni ce. Sule nake nema na sa a jiyawzi, wanda ya ci karo da shi ya samu sa'ar shekara. Gidan nan kowa da waya yake biya, ko ƙarfe ɗaya babu a aljihun mutum. Sai na ga wani baƙi ƙirin a teburinka."

"Baƙi... Mama, ba ki dai wanke shi ba ko?"

"Da ƙazanta zan ba mutane? Man goge baki na sa na dirje shi, na tafasa. Ka ga ƙyalli kuwa!"

Shutian ya dafe bango. Wannan baƙin shi ne darajar sulen, shi ya yi ta jira. Ya dubi furfurarta.

"Wanne ne? Bari in cire."

"Suna tukunya. Kada ka kuskura ka fasa min ko ɗaya."

To, baƙi ya tafi. Saura zakin. Azurfa ba ta da tauri, haƙori ɗaya ya isa ya lotsa ta.

Da aka zauna cin abinci, idonsa na kan bakin kowa. Musamman Lao Pang, mijin Shulan, wanda ke jefa jiyawzi ɗai-ɗai kamar mai cika buhu.

"A hankali, Pang. Tauna a hankali."

"Kai, Yaya, yaushe ka fara tausayin haƙorina?" Lao Pang ya kwashe da dariya. "Shulan, ji yayanki. Kuɗin da ko albasa ba zai saya ba ya hana shi sakat. In na haɗiye, gobe ka zo da rariya."

"Ƙazami, ana cin abinci!" in ji Shulan, tana dariyar ita ma.

Shutian ya miƙa sandunan cin abincinsa cikin babban faranti, yana latsa wannan, yana latsa wancan. Mama ta buge masa hannu.

"Wa ya koya maka wannan? Ci na kwanonka, tun ɗazu na zuba maka sun huce."

"Ba na jin yunwa."

"Ranar sabuwar shekara? Ci, na ce."

Farantin na raguwa, ba wanda ya ci karo da sulen. Lao Pang ya ɗauki wani ƙato, ya ɗaga shi sama yana karkaɗawa. "Wannan da nauyi, Yaya. Ina jin gurnanin zaki a ciki."

Haushi ya turnuƙe Shutian. Ya cafki ɗaya daga kwanonsa ba tare da ya duba ba, ya gartsa masa cizo, idonsa na kan Pang.

Ƙas!

Ya tofo shi a tafin hannu. Sulen na ƙyalli kamar murfin kwalba, ga sawun haƙori daidai kan fuskar zakin. Nasa haƙorin.

Mama ta tafa hannu, murna har kunne. "Ka gani? Alama na yi masa a gefe, na sa a kwanonka da kaina. Bara ba ta yi maka daɗi ba, ɗana. Bana taka ce."

"Mai sa'a! Mai sa'a!" Lao Pang ya ɗaga kofi.

Shutian ya juya sulen, ya sake juya shi. Ya ce, "Na gode, Mama."

Ta ƙara masa biyar a kwano. "Ka adana shi da kyau," in ji ta. "Baɗi ma da shi za mu yi."