Takardun da Goggo Ta Cire

Ranar Talata da hantsi Goggo ta kira ni ina kanti, ina jera magunguna a kan kanta. Ƙanwar babana ce, kuma ba ta kiran mutum a wurin aiki sai da dalili.

"Ki zo yanzu," ta ce. "Na yi baƙuwa, ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ban san abin da na yi mata ba."

Mijin Goggo, wanda duk muke kira Farfesa, ya rasu wata bakwai kafin nan. Shekara talatin ya yi yana nazarin soson teku, irin mai laushin nan na wanka. Mu a gida abin dariya muka ɗauke shi. Sai da na girma na san wai dabba ce, ba tsiro ba, kuma abin da ake wanka da shi ƙashinta ne kawai. Har yau idan na faɗa sai in ji kamar ƙarya nake yi.

Na tarar da baƙuwar a ɗakin karatunsa. Dakta ce daga gidan adana halittu, tsohuwar ɗalibarsa, ta zo kwasar soson da ya yi wasiyya a ba su. A kan tebur ga soso jere reras, wasu kamar ƙwallo, wasu kamar kofi, ɗaya faffaɗa kamar kunnen giwa. A gefe kuma ga gwangwanin alewa cike da ƙananan takardu masu zare.

"Gara ce ta shiga kwalayen," Goggo ta ce mini. "Sai na fitar da su na kakkaɓe. Takardun kuma na ga sun fara yagewa, na cire su na adana wuri ɗaya. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ki ƙirga."

Ni mai sayar da magani ce. Na san abin da ake nufi da kwalba ta rabu da takardarta. Na nemi kujera.

Dakta ta ɗago kai. "Mama, kun yi ƙoƙari, wallahi. Amma kowace takarda ta soso ɗaya ce. Ita ke faɗin inda aka samo shi, da zurfin ruwan, da sunansa."

"To ai duk soso ne."

"Dangi ɗaya ne, amma iri-iri ne. A duniya sun haura hamsin."

"Hamsin da nawa?"

"Ya danganta da wanda kuka tambaya," in ji Dakta.

Goggo ta dube ni, ni ma na dube ta.

Muka ƙirga. Takardu arba'in da ɗaya, soso arba'in da biyu. Muka sake, haka dai. Goggo ta ce tana jin ɗaya nata ne, wata maƙwabciya ce ta kawo mata tsaraba, ta shanya shi tare da sauran. Wanne ne? Ta ce da dai ta sani.

Na ce abin ai mai sauƙi ne, a raba su ta siffa: masu kama da kofi gefe, masu kama da ƙwallo gefe. Har na fara. Dakta ta riƙe hannuna. Ta ce iri ɗaya yakan tashi kamar kofi inda ruwa ke kwance, ya tashi a dunƙule inda ruwa ke da ƙarfi. Launi fa? Ta ce lokacin da suke da rai duk baƙaƙe ne ko masu duhu, wanki ne ya sa suka yi haske. Sai an yanki ɗan ƙanƙani an duba saƙar zarensa a madubin ƙara girma, kuma ko a nan masana na musu.

Sannan ta faɗi abin da ya zaunar da ita a ƙasa. A cikinsu akwai guda ɗaya wanda Farfesa ya gano, ya raɗa wa irinsa suna. Duk mai son ya san irin, da wannan guda ɗayan zai gwada. Takardarsa na cikin gwangwani, mai jan layi. Soson kansa kuma yana cikin arba'in da biyun nan, yana kallonmu.

Goggo ta tashi ta fita. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ga ta da bahon ruwa.

"Ni ban san sunansu ba," ta ce, "amma duk soson da ya shigo gidan nan ni na wanke masa yashi. Malam ba ya son jiƙa hannu."

Dakta ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa. Goggo ta dinga tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ta matse, ta saki, ta ajiye. Wannan mai taurin kai ne. Wannan na jarirai ne. Wannan yana shan ruwa ba ya son bayarwa. Wannan yana yagewa. Kafin azahar ta yi tuli huɗu.

Dakta ta buɗe littafin Farfesa. Shi bakwai ya raba su.

"To ya yi yawa," in ji Goggo. "Huɗu ne."

"A wancan shafin kuma ya soke, ya rubuta shida," na ce, don ina leƙe ta kafaɗar Dakta. A ƙasan shidan akwai alamar tambaya, da wani biro daban.

Dakta ta kwashe su yadda Goggo ta raba, kowane tuli a jakarsa, ta ɗauki gwangwanin da littafin. Ta ce za ta duba zarensu, ta kuma gwada ƙwayar halittarsu, in akwai sauran nama a jikinsu. Goggo ta ce da wuya, ita in ta yi wanki ba ta barin komai.

Wata uku shiru. Goggo ta rame. Duk zuwan da na yi, tambayarta ɗaya: shin ta ɓata wa Malam aikinsa ne? Ni kuma sai in ce ta sha maganinta.

Ranar da Dakta ta dawo, da manyan takardu ta zo. Soso goma sha tara kawai suka ba da sakamako. A cikinsu an sami iri biyar. Biyu daga tulin Goggo sun fito daidai, ba ko ɗaya bare a ciki. Tulin jarirai kuwa iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Uku daga cikin bakwai ɗin Farfesa sun zama abu ɗaya. Soson takarda mai jan layin kuma an rage shi zuwa guda biyu, ko wannan ko wancan, kuma biyun ba iri ɗaya ba ne.

"Tsaya, 'yar nan," Goggo ta ce. "Ni ce na yi kuskure ko Malam?"

"Ba wanda ya yi, Mama."

"To waye ya yi daidai?"

Dakta ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa. "Zuwa yanzu, biyar ne."

"Zuwa yanzu," Goggo ta maimaita. Ta juyo gare ni. "Ke kin gane?"

Na ce na gane har wajen tagwayen, daga nan na ɓata.

Da za ta tafi, Dakta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza makullin mota. Ta ce a wurin aikinsu akwai durowa goma sha ɗaya na soso da ba a taɓa tantancewa ba, tun kafin a haife ta. Ko Mama za su iya zuwa su taɓa su?

Goggo ta ce ita ba ta yi karatu ba. Dakta ta ce ta sani. Goggo ta ce ƙafarta ba ta son matakala. Dakta ta ce ɗakin a ƙasa yake.

Yanzu duk Alhamis ni nake kai ta kafin in buɗe kanti. Sun ba ta farar riga da ta yi mata yawa, tana naɗe hannun sau biyu. Makon jiya da na je ɗaukarta na same ta da wani dattijon masani, kowa riƙe da gefen soso ɗaya, yana cewa iri biyu ne suka manne, tana cewa ɗaya ne ya tsufa. Suka ce in raba gardama. Na ce mota na waje, na bar ta a kunne.