Tabon da ke Kumatun Hagu

Ƙarfe bakwai na safe aka shigo da sabon jarumin fim cikin ɗakin kwalliya. Shi ne mutum na huɗu da zai fito a matsayin ɗan leƙen asirin, wannan kuma fim na goma sha tara. An sauya jarumai, an sauya motoci, amma tabon wuƙar da ke kumatun ɗan leƙen asirin yana nan. Shekara ashirin da biyu ke nan mai kwalliya, wadda kowa ke kira Anti, tana zana shi.

Ta shafa gam, ta ɗauko siririn buroshi, ta juya fuskar jarumin.

"A dama yake, Anti," in ji darakta daga bakin ƙofa. Makonsa biyu da karɓar aikin.

"A hagu yake, ranka ya daɗe."

Ya warware hoton tallan fim na farko a kan teburinta, ya danne gefensa da kwalbar hoda. Ga tsohon jarumin cikin baƙar kwat, tabon kuwa a kumatunsa na dama.

"Ni da hoto nake aiki, ba da 'na tuna' ba. Ƙarfe takwas za mu fara ɗauka. In ba za ki yi ba, haɗa akwatinki, akwai masu jira."

"Anti, raba gardama, yi min biyu," in ji jarumin. "Ai fuskar ta haya ce."

"Rufe baki, kada gam ya tsage."

Ba ta da waya balle ta nuna masa tsofaffin finafinan, domin ana karɓe wayoyin kowa a bakin ƙofa, gudun kada labarin fim ya fita. Ta kuma san masu kallon nan. Mutanen da ke ƙirga harsashin bindigar jarumi ba za su bar tabo ya yi ƙaura ba, kuma sunanta ne zai fito a ƙarshen fim.

Ta sa tabarau, ta sunkuya kan hoton, ta bi shi da yatsa tun daga gashi. A ƙirji ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, ina aljihun ƙirjin kwat ɗinka?"

Darakta ya dafa hagunsa.

"Nasa fa?"

Farin hankicin tsohon jarumin yana leƙowa daga dama.

"Babu telan da ke ɗinka aljihun ƙirji a dama," in ji ta. "Masu buga hoton ne suka juya shi, don fuskar ta kalli rubutu."

Darakta ya daɗe yana duban hoton. Ya dubi agogo.

"Saura minti arba'in. Zai bushe?"

"In an ba ni wuri."

Ya naɗe hoton, ya fita. Anti ta kama haɓar jarumin, ta fara zane daga ƙasan idonsa na hagu.