Caché Ba Kashewa Ba Ce

Ranar Lahadi ce, kasuwar Filinge ta cika, ina zaune a shagon Kailu ina jiran ordinatata, wato kwamfutata, ta ɗauki caji. Tun da soji suka karɓi mulki kuran, wutar lantarki, ya zama baƙo, ya zo da safe ya tafi kafin a gama gaisawa. Kailu na da panno biyu na hasken rana a kan rufi, shi ya sa duk mai waya a unguwar abokinsa ne.

Ordinatar tsohuwa ce. Masu wani proje da na yi wa cikon takardu bayan na faɗi bak, jarrabawar gama lise, wato sakandare, su suka bar mini ita ranar da suka tattara. Batirinta ba ya kai minti ashirin, lasifikarta ta mutu tun kafin ta zo hannuna. Da ita nake zuba wa mutane waƙa da wa'azi a kart memuwar, ɗan katin waya. In an yi suna in ɗauka da waya, in haɗa, in zuba a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata ko tele.

Kailu gyaran tele da waya yake. Ya girme ni da shekara goma, kuma bakinsa ba ya hutu. Ranar wani malamin lakwal, makarantar boko, yake wa faɗa, wanda kilensa ta mutu da jarrabawar aji uku a ciki.

"Mushe, abin da ke wuri guda ba naka ba ne, aro anka ba ka," in ji shi. "Guda cikin ordinata, guda cikin kile, guda ka aika wa ƙanenka a Yamai. Kuma kilen da kake ba mutane daban, ta aljihunka daban. Ko rumbu ba a haɗa iri da abin ci."

Malamin ya tafi yana gyaɗa kai. Kailu ya juyo gare ni, wata tele a buɗe gabansa.

"Bashaliye, miƙo kilenka in gwada wagga."

Haka yake kirana tun da na faɗi, sunan da ake ba wanda ya ci bak. Na daina jin zafin abin.

"Tana gidan yayata Haske. Na zuba musu bidiyon suna, yau za su kalla."

"Wace? Jar nan da kake zuba tarkacenka?"

"Ita kaɗai gare ni."

"Ka share naka dai?"

"Na ɓoye."

"Ɓoye ƙaƙa?"

Na gaya masa. Ka danna dama a kan fishiyen, wato abin da kake son ɓoyewa, ka shiga ƙasa, ka sa alama a ɗan akwatin da aka rubuta caché. Sai ya ɓace daga ido.

Ya ajiye abin walda ya dube ni.

"Kai da ka yi lise. Ka yi mishi caché ka ɗauka ka kashe shi? Na nasara ɓoyo ne, na Hausa ne kisa. Ordinata kaɗai ke jin kunyar wanga akwatin. Tele ba ruwanta. Irin waɗanga masu araha duk abin da sunka iske cikin kile sai sun baje shi, guda bayan guda, bisa harafi. Wane suna ka sa wa bidiyon sunan?"

"Suna."

"Na ɓoyen fa?"

"Z."

"To yana biye." Ya yi dariya. "Wace yarinya ce? Ko irin na Indiya ne mai ruwan sama?"

Ya ga fuskata, ya bar dariyar.

Innata, Tambara, goɗiyar Doguwa ce, iskar bori, tun kafin a haife ni. In aka yi wasa a ƙauyenmu, can bayan Shikal, mai goge ya ja take, iskar ta hau ta, ta yi magana da bakinta. In ta sauka Inna ba ta tuna komai. A gidanmu saƙon kawai ake gaya mata: an ce a yanka baƙar akuya, an ce kada a yi shuka kafin Alhamis. Yadda ta yi kuwa, ba a faɗa. Ba wanda ya taɓa ce mata ta faɗi ko ta yi birgima. Shekara talatin ba ta san kamanninta ba a wannan hali, kuma duk dangi sun tsare mata wannan rashin sanin.

Bara kafin damina na kai ƙauyen wani abokina na lise, Dogo, ɗan wani ma'aikaci daga Yamai. Ya ce yana son ganin bori da idonsa. Na yi zaton ranar ba za a kira iskar Inna ba. Aka kira. Waya na hannuna, ban sauke ba. Minti bakwai na ɗauka. Da na dawo na kwashe shi daga wayar na zuba a kilen, na ɓoye. Na kasa sharewa, na kasa kallo har ƙarshe.

Yanzu Inna na gidan yayata Haske, ta zo wankan jego. Sun ce bayan azahar za su taru su kalli sunan. Bidiyon minti arba'in ne.

"Ƙarhe nawa?" na ce.

"Uku saura."

Na bar masa ordinatar na fita. An hana hawan moto, wato babur, ba kabu-kabu. Na keta ta kasuwar dabbobi don ta fi kusa, sai na tarar ana loda shanun Balleyara, hanya ta toshe da ƙaho da igiya. Na zagaya ta wajen masu gishiri. Wani dattijon ƙauyenmu ya riƙe mini hannu yana tambayar jego da jariri da gajiyar suna, na amsa masa duka, don ba yadda zan yi. Daga nan na yi gudu. Ina gudun ina lissafi: in sun yi jinkirin salla, in batirin telen ya yi sanyi, in jaririn ya yi kuka sun tsayar.

Tun daga zaure na ji goge.

Ɗakin Haske cike yake da mata a kan tabarma. Haske na bakin gado da jariri. Ƙanwar Inna, Ladi, ta miƙe tsaye tana laluben telekomand ɗin kashe telen a cikin zannuwa. Uwar mijin Haske, Hajiya Umma, na kan kujera da carbi, ita da ba ta son a ambaci bori a gidan ɗanta. Inna na gaba, kusa da telen, don idonta ya fara rauni.

Na yi sallama na fara tsallake ƙafafu.

"Ɗanbaba, tsaya nan, kana tare mini," in ji Inna. Murna ce a muryarta. "Ashe har garinmu ka ɗauko. Ga gawon hili. Ga Ɗangoma da gogenai, dubi yadda ya rame. Ladi, ga ki nan da tulu."

"Yaya, a kashe haka nan, batiri zai ƙare," in ji Ladi.

"Bar shi ya ƙare."

"Inna, ba na kallo ba ne," na ce. "Ya lalace."

"Ga shi yana tahiya lahiya lau."

A telen wata mace ta fito tsakiyar fili. Kallabinta ya faɗi. Ta yi tsalle ta dira da zama, ƙura ta tashi, ta sake tashi ta sake dira. Kumfa a bakinta. Zanenta ya kwance har cinya, mata biyu suna binta suna ja mata shi.

"Oh, baiwar Allah," in ji Inna. "Wagga ko wace…"

Ba ta ƙarasa ba. Matar ta juyo, hoton ya matso. Ni na matso da shi ranar, da yatsa biyu.

Inna ta kai hannu ta taɓa tsagar kumatunta. Ba wanda ya motsa. Saura taki biyu in kai ga telen, na tsaya kamar an dasa ni, don na ji wata murya ta taso a kan gogen, kusa, tsaf, ta fi komai ƙarfi. Waya ta fi jin wanda ke riƙe da ita. Ban taɓa tunanin haka ba. A ordinatata bidiyon bebe ne.

Muryar Dogo ce: "Kai, tsohuwar nan ta yi kama da kai. Ba innarka ba ce?"

Sai dariya. Tawa.

"Allah ya kiyaye. Ban san ta ba. Mutanen ƙauye ne, haka suke."

Na fizge kilen. Telen ta koma shuɗiya.

Jaririn ya yi ɗan tari. Hajiya Umma ta duƙar da kai tana jan carbi da sauri. Haske ta dube ni sau ɗaya ta kau da ido, na gwammace ta zage ni. Wata maƙwabciya ta fara neman takalminta alhali yana waje.

Inna ce ta yi magana. Ta gyara zama ta juyo ga matan.

"Mi kuke kallonai? Gaskiya ya hwaɗi. Wagga ba uwatai ba ce, wadda ke bisa ce. Ina zai san ta? Ni kaina yau na hwara ganinta." Ta dubi Hajiya Umma. "Hajiya, yaron lakwal ne, ba ya ƙarya."

"Haka ne," in ji Hajiya Umma, ba ta ɗago ba.

"Haske, ba shi kunu. Dubi zuhwa, kamar wanda kura ta koro."

Aka miƙo mini kwanon kunun kanwa. Na durƙusa a bakin ƙofa na sha, a gabansu duka, har ƙasa. Ban san abin da na taɓa haɗiya da ya fi shi wuya ba. Matan suka koma zancen sunan, wa ya zo wa bai zo ba, raguna nawa aka yanka. Suna yi suna ɗaga murya fiye da kima.

Da na tashi tafiya Inna ta biyo ni zaure. Ba ta saba raka ni ba. Ta tsaya tana duban bango.

"Inna, ki gafarce ni."

"Wancan ya wuce." Ta juyo gare ni. "Tambayarka zan yi. Kullum haka nike hwaɗuwa?"

Na so in ce a'a.

"I."

"Zane na buɗewa haka?"

"Ana rufe miki. Da sauri ake rufewa."

"Gaban maza."

Na sunkuyar da kai.

"Babanka ya gani, har ya mutu bai hwaɗa mini ba." Ta ja bakin mayafinta. "Wa ya gani cikin abin nan, ban da na ɗaki?"

"Ba kowa. Wuri guda yake."

"To ya bar zama."

Na koma shagon Kailu. Bai tambaye ni ba. Na ce ina son a share wani abu yadda ba mai dawo da shi. Ya ce sharewa kawai ba ta isa ba, mai wayo na iya tono shi. Muka kwashe sunan muka ajiye a ordinata, muka wanke kilen tas da formataj mai tsawo, ba na sauri ba, sannan muka cika ta da wa'azi har ta ƙoshi, muka sake sharewa. Ya duba wayata, ya shiga kwandon sharar hotuna, ya tabbatar ba saura. Duk aikin bai ce mini Bashaliye ba ko sau ɗaya.

Inna ta gama kwana arba'in ta koma ƙauye. Tana aiko mini da gaisuwa da ƙullin yakuwa kamar da. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Da zafi ya kai ƙarshe ruwa bai zo ba, aka sa ranar wasa. Na tafi a amalanken jaki, na bar wayar a gari. Na tsaya can baya, wajen masu kallo.

Masu ƙwarya suka fara. Wani ya hau, wata ta hau, aka yi musu abin da ake yi. Rana ta karkata Ɗangoma ya ja taken Doguwa. Inna ta fito tsakiyar fili. Na lura ta ɗaura zane biyu, ta ɗaure ƙugu da igiya. Ta fara takawa a hankali, hannunta na hagu a kan ƙullin zanen.

Ɗangoma ya matso har gabanta yana ja. Ta lumshe ido, kafaɗarta ta fara rawa, jikinta ya karkata baya. Sai ta buɗe ido ta dubi gwiwarta, ta gyara zanen.

Ya sake ja daga farko. Masu ƙwarya suka ƙara wuta, Ladi na bayanta da hannu a buɗe tana jiran tarba. Inna ta taka, ta taka, tana duban mazan da ke zaune a gindin gawo.

Sau uku ya ja taken. A na ukun ya sauke gogen ya share goshinsa. Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce wataƙila iskar ta yi nisa yau, a bari sai wani mako.

Inna ta tsaya a tsakiyar filin ita kaɗai, kallabinta daram a kanta, ba ƙura ko kaɗan a zanenta. Ta jira kaɗan. Sannan ta fito da ƙafarta, ta zauna cikin mata, Ladi ta miƙa mata ruwa ta sha.