Yatsun da Girgije Ya Kai Ƙonni

Ni Attahiru mai faci, na bakin titin Runjin Sambo, shekara takwas na yi ina ƙin zuwa yin katin ɗan ƙasa, kuma ban ɓoye wa kowa dalilina ba. Yatsuna goma Allah ne ya ba ni su. Gwamnati ko farce ɗaya ba ta ƙara min ba, don haka ban ga abin da zai sa in kai mata ajiya ba. Aka ce har fuska suke ɗauka. Na ce to saura hanji.

Layin waya ne ya karya ni. Saƙo ya shigo cewa duk layin da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba, za a rufe shi ƙarshen wata. Babbar Sallah kuwa kwana huɗu ce bayan ƙarshen watan. Ina da ƙane, Gazali, shekara tara ke nan da ya bi hamada ya shiga Aljeriya, ba fasfo ba biza. Ba shi da waya tasa. Sau ɗaya yake kira a shekara, ranar Sallah bayan an sauko idi, da wayar aro, kuma lambata kaɗai ya haddace a duniya. In aka rufe layin nan, Gazali ya ɓace ke nan, ko yana da rai.

Na sa riga na tafi ofishin rijista. Tun hantsi nake kan benci, sai bayan azahar aka kira ni gaban wata ma'aikaciya, Malama Wasila, da kwamfutarta da wani ɗan gilashi mai koren haske.

"Baba, ku aza yatsu huɗu nan."

"Tsaya tukuna, ɗiyata. In kun ɗauke su, ina za ku aje su?"

"A girgije, Baba."

Na dube ta. Ba dariya take ba.

"Wane girgije?"

"Ba na ruwa ba. Haka dai ake kiran wurin ajiyar."

"Ni girgije guda na sani. Wanda ka tasowa daga gabas ya bi ta kanmu ya yi Illela. Akwai mai tare shi bakin iyaka ya ce ina takardarka? In ya zuba ruwa Nijar hwa, yatsuna su hwaɗi gonar wani?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Baba, ka aza mana, rana na yi." Na tuna Gazali, na ce bismillahi, na aza.

Na'urar ta yi wani kuka kamar ɗan akuya da aka taka. Malama Wasila ta goge gilashin da bakin hijabinta, na sake azawa. Ta sake kuka.

"Baba, kun taɓa yin rijista."

"Ban taɓa ba."

"To yatsun ga suna da mai su."

"Ga mai su nan zaune gabanki."

"A'a. Wani na."

Ta juyo min da fuskar kwamfutar don in gani, sai duk bencin ya taso ya gani tare da ni. Wani mai tabarau ya shiga karantawa da ƙarfi, kamar mai sanarwar ɗaurin aure: Junaid Abdulshakur, haihuwar unguwar Mabera ta garin nan, sunan uwa kaza, tsawo kaza, gida mai lamba kaza bayan injin niƙa. Wata tsohuwa ta ce ta san injin niƙan. Ni dai hoton nake kallo. Siririn mutum mai wushirya, kunnuwa a buɗe. Junaid mai yankan farce ne, mutumin Ƙonni ta Nijar, wanda yake yanke min farce duk ranar Juma'a shekara shida.

"To ni hwa?" na ce. "Ni wa ne ke nan?"

"A wurin na'ura ku ne na biyu, Baba. Shi ya riga ku."

"Ya riga ni ga yatsuna?"

Ɗan kabu-kabun nan ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙila baƙon haure na." Na juya na gaya masa inda aka binne kakan kakana a garin nan, da abin da zan yi wa babur ɗinsa in ya kawo min faci. Sai da mai gadi ya shigo.

Da ƙura ta lafa, Malama Wasila ta ba ni wata takarda. Ta ce in na cika ta na kawo ƙorafi, za a yi bincike, in gaskiyata ta fito a mayar min da yatsuna, shi kuma a miƙa shi ga jami'an shige da fice. Na ce binciken kwana nawa ne. Ta ce wani wata shida, wani shekara. Na ce layina hwa? Ta ce layi ba ya jiran bincike.

Na koma gida na tarar da matata Bara'atu tana tankaɗe. Na ce mata, "Abin da nike hwaɗi shekara takwas ya tabbata. Girgije ya zubar da yatsuna Ƙonni, mai yankan farce ya tsinta."

Ba ta ɗaga kai ba. "Malam, ta yaya girgije ya zubar da abin da ba ka ba shi ba sai yau?"

"Ke mi kika sani game da na'ura?"

"Ba girgije ba ne, shinkahwa ta. Ka manta mutumin nan mai kwamfuta da ya zauna gindin dogonyaro shekara biyar da sunka wuce? Ya ce duk wanda ya aza yatsu goma za a kawo mai buhu. Kai ne na uku ga layi. Na ce ba kai ne ba ka ba da yatsa ba? Ka ce ai wanga ba gwamnati ba ne."

"Ai ba gwamnati ba ne."

"To ina shinkahwar?"

Na tashi na bar mata wurin, don tambayar ba ta da amfani. Kuma har gobe ni ban wanke girgije ba.

Ban jira Juma'a ba. Washegari na samu Junaid a Sabon Gari, bakin wani shagon kayan mota, yana tsugune da almakashinsa da soso da kwalbar ruwan sabulu. Ya yi murmushi ya jawo min benci.

"Maigida, yau da wuri? Kawo hannun."

"Wane hannu? Nawa ko naka?"

Na zauna na faɗa masa komai, ban rage ba. Almakashin ya faɗi daga hannunsa. Ya kama hannuna na dama da hannu biyu yana juya shi kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe da ɓata.

"Ashe kai na! Wallahi Maigida, wanda ya saida man takardar cewa ya yi mai yatsun ya rasu. Shekara biyar duk Juma'a sai na yi maka sadakar ƙosai. In gama in zo in yanke maka farce."

"Shi ya sa duk Juma'a nike jin jikina sanyi-sanyi."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni ma takardar ba ta tsinana man komai ba. Duk inda anka ce a aza yatsa, sai in naɗe hannu da tsumma in ce na yanke."

Na fito da takardar ƙorafin na ajiye kan benci. Ya san ko mene ne tun ban yi bayani ba. Ya ce matarsa 'yar Mabera ce, 'ya'yansa huɗu nan aka haife su, babbar tana aji biyar, Ƙonni kuwa ko ɗakin kwana ba shi da shi yanzu. Bai roƙe ni ba, ya dai ɗauki almakashinsa yana gogewa. Ni ba mutum ne mai tausayi ba, kowa ya sani. Amma na tuna a can ma wani yana zaune da irin takardar nan a gaban Gazali. Ban da haka, ko na kai shi, layina rufewa zai yi.

"To yanzu ya za a yi da layin?" na ce.

Ya ce, "Lambar tana aiki, Maigida. A shagon waya abu biyu suke bukata, huska da yatsa. Huskar tana wurina. Yatsan yana wurinka."

"Mutum guda suke son gani."

"Kana da babbar riga?"

Ina da ita, shuɗiyar shadda ta Sallah, wadda ko ni sai na naɗe ta sau biyu a kafaɗa.

"Dakor," in ji shi. Shekara shida yana faɗin kalmar nan a gabana, na ɗauka sunan wani waliyyinsu ne. Ashe "to" ce ta mutanen can.

Ranar Laraba, saura kwana biyu a rufe layi, muka je wani shagon waya a Mabera inda ba a san mu ba. Mun zaɓe shi ne don yana da kanta mai tsawo da 'yar taga. A lungu Junaid ya sa rigar, ni kuma na shiga ta baya na duƙa, na kafa goshina a tsakiyar bayansa, na zura hannuna na dama ta gefen rigar, shi ya maƙale nasa a ciki. Muka taka a hankali, yana cewa hagu, dama. Cikin rigar nan akwai zafi da warin sabulun wanke farce.

Na ji muryar mai shagon. "Alhaji, sannu da zuwa. Ba ka da lahiya ne?"

"Ciwon baya," in ji Junaid. Ba ƙarya ya yi ba.

Ya ba da lambar. Aka ce ya kalli kyamara, ya kalla. Aka ce ya aza babban yatsa. Ni ba na gani, sai na shiga lalube a kan kanta. Na kama biro. Na kama kofin shayi. Na kama wani abu mai laushi, mai shagon ya ce wannan hancinsa ne. Junaid ya sa hannunsa na hagu ya kama nawa ya aza a gilashin.

"Alhaji, hannun ga ya hi ɗan'uwanshi girma. Ga baƙi."

"Shi nike aiki da shi. Wancan hutawa yake."

Na'urar ta yi ƙara mai daɗi, ba irin ta ofishin rijista ba. Mai shagon ya ce saura abu ɗaya, ya tura wasu lambobi ga layin, a karanto masa. Wayar kuwa tana aljihuna. Sai ga kiɗan waya yana tashi daga bayan Alhaji. Na yi ƙoƙarin ciro ta da hagu, gwiwata ta ƙi, na yi atishawa, rigar ta yi gefe.

Na ji mai shagon ya leƙo ta saman kanta.

"Alhaji, ƙahwahunka huɗu."

Na fito daga rigar, gumi har cikin kunne. Na ce, "Malam, ba wani dogon zance. Huska tashi, yatsa nawa. Layin ga in anka ruhe shi ƙanena ya ɓace."

Ya dube ni, ya dubi Junaid, ya dubi kwamfutarsa. Ya ɗauki kofin shayin da na kusa zubarwa ya kurɓa.

"Na'ura ta ce mutum guda na," in ji shi. "Ta ga huska ta yarda, ta ga yatsa ta yarda. Ba ta da wurin ƙidayar ƙahwa. Ni wa, da za ni yi mata gardama? Karanto lambobin."

Na karanto. Ya buga. Layina ya koma sunan Junaid Abdulshakur, haihuwar Mabera.

Tun daga ranar ban huta ba. Kullum sai Junaid ya biyo ta wurin facina ya tsaya yana kallon hannuna. In na ɗauki ƙarfen gasa roba ya ce a hankali, yatsun nan na iyali ne. In wani ya kawo taya sayarwa ya ce kada in taɓa, ƙila ta sata ce, kada in ɓata masa suna. Ni ma na gargaɗe shi kada ya kai fuskar nan inda za a ɗauke ta hoto ana faɗa. Takardar ƙorafin kuwa Bara'atu ta kunna gawayi da ita.

Ranar Sallah muka sauko idi tare, ya biyo ni gida cin nama. Muna zaune a zaure, yana gyara min farce don an kwana biyu, wayar ta yi ƙara. Lamba ce doguwa ta waje.

"Yaya! Barka da Sallah!"

Muryar Gazali ce, ta ƙara kauri. Na ce masa ja'iri, shekara guda cur. Na ce Rahma 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Na ji yana jan hanci. Sannan ya ce yana da albishir.

"Na samu takarda, Yaya. Maigidan da nike wa aikin gini ya ce sai da ita. Ta Nijar ta samu. Yanzu sunana Isuhu, haihuwar Ƙonni."

Junaid ya ɗago kai. "Tambaye shi wace unguwa."

Na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na ce, "Gazali, wanda ya saida maka ita, ya ce mai ita ya rasu?"

"I, Yaya. Ya anka yi ka sani? Har sadaka nike mai duk Juma'a."

"Daina. Yana nan da ranshi."

Kafin ya tambaye ni dalili, hadari ya yi ruri daga gabas, yayyafi ya fara shigowa ta ƙofar zaure. Junaid ya cire hularsa ya rufe min hannun dama da ita, ni kuma na matse wayar a kunne da hagu na ce wa Gazali ya ɗaga murya.