Ubaidullahi Ya Taka Har Shagari

Bahijja ce ta ja masa. Ranar da Ubaidullahi ya je zance gidansu a Shagari, ta ga ya tayar da mota zuwa masallacin da ke tsallaken titi, sai ta ce, "Kai ko banɗaki da mota kake shiga?" Ta yi dariyarta ta manta. Shi bai manta ba. Ana saura mako a sa ranar aurensu, ya ƙudurta zai taka daga Bodinga har ƙofar gidansu, ta gonaki da daji, kamar yadda yake ganin Turawa suna yi a waya.

Ya sayi takalmi mai igiya da jakar goyo. Bayan asuba ya bar mota a gida ya yanki hanya. Kaka ce, dammunan gero a tsaye ko'ina, iska mai sanyi. Ya yi ta ɗaukar kansa hoto. Kafin ya kai Sifawa ƙarangiya ta cika masa safa, wando ya fara goge masa cinya.

A bakin garin ya tarar da Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyarsa, yana ɗaurin gero. Kawu ya amsa gaisuwa yana leƙen bayansa.

"Ubaidu, ina motakka?"

"Tana gida, Kawu. Motsa jiki nake."

"Motsa jiki." Kawu ya dubi jakar, ya dubi ƙurar ƙafarsa. "To, Allah shi mayar da alheri. Aikin gwamnati haka shi ke."

Ubaidullahi ya ce amin, don bai ga abin musu a addu'a ba. Bai yi nisa ba Kawu ya laluba aljihu ya ciro waya.

Daga nan gonaki suka ƙare, sai sabara da geza, babu inuwar kirki. Ruwan gorarsa ya koma kamar na wanka. Masu babur suna tsayawa su ce ya hau, yana ɗaga musu hannu da murmushin da ya fara kama da kuka.

A Mandera, Gwaggo Kulu, ƙanwar uban Bahijja, tana tsaye a bakin hanya da ƙwaryar fura.

"Sannu ɗan nan, mun ji komi. Sunka kore ka, sunka amshe motar, ko? Ni dama tun da nig ga tumbin ga nac ce ba na albashi ba ne."

Ya so ya yi bayani, amma ƙishirwa ta riga shi, kansa yana cikin ƙwarya. Kafin ya ɗago ta cusa masa albasa cikin jaka, wai a rage cefane. Haka ya ci gaba da goyon albasa.

Bayan la'asar ya shiga Shagari yana ɗingishi, takalmin a hannu. Ya hango tabarmi a ƙofar gidan su Bahijja, maza a jere, ya ɗauka tarbarsa aka fito. Sai da aka fara yi masa jaje ɗaya bayan ɗaya, wasu fuskarsu har da annuri.

Alhaji Mainasara, mahaifin Bahijja, ya gyara murya. "Ubaidullahi, ƙaddara ce. Batun sa rana sai mu dakata har ka samu abin yi."

"Baba, aikina yana nan, motata tana nan! Don nishaɗi na zo a ƙasa."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Daga Bodinga? Cikin ranag ga? Ba a kore ka ba, ba a aike ka ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

Wani tsoho da ke kusa da Ubaidullahi ya ja jiki gefe. Alhaji ya sassauta murya irin ta lallashin majinyaci. "A danginku, akwai wanda yat taɓa yin irin tahiyag ga?"

Nan Ubaidullahi ya gane. Wanda aka kora ana iya jiransa. Wanda ya fara bin daji haka kawai, ba mai ba shi 'ya. Labulen zaure ya motsa, ya hango ƙafar Bahijja a ƙarƙashinsa. Ya juyo ga Alhaji.

"Gaskiya, Baba, motar ce ta mutu. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Ah to! Yanzu ka yi batu!" in ji Alhaji. Wurin ya ɓarke da dariya da hamdala, tsohon ya dawo wurinsa. Alhaji ya ce sa rana tana nan yadda take.

Da aka watse, Bahijja ta kawo masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma ƙafa.

"Ashe mota ce ta lalace," in ji ta. "Ni har na fara cewa na samu namiji."

Ya buɗe baki, ya hango Alhaji yana alwala a tsakar gida, ya rufe. Ta juye albasar a zaninta ta shige ciki.