Sunan Iya Mai Ƙwarya

Tun da Radiya ta ɓullo da zaman tarihin unguwa, Hajiya Sailuba ba ta ƙara samun sakat a ɗakinta ba. Jikar tata malama ce a jami'a, reshen Kongo. Ita da abokan aikinta suka ari aji ɗaya a wata firamare ta Ƙofar Gayan, duk Asabar bayan la'asar a taru a yi lacca. An yi ta marina, an yi ta masu bugun riga, an yi ta matan da ke ɗinkin hannu a cikin gidaje, waɗanda kowa ke ƙwalisa da aikinsu amma ba mai tambayar su waye. Wannan makon kan kiɗan ƙwarya za a yi, kuma duk wanda aka tuntuɓa a cikin birni sai ya ce a fara da Iya Mai Ƙwarya.

Iya Mai Ƙwarya kuwa uwar mijin Hajiya Sailuba ce. A zamaninta, bikin da ba a ji hannunta a kan ƙwarya ba, mata ba sa lissafa shi cikin bukukuwa. Radiya ta sha wahala har ta samo wani tsohon kaset mai muryarta, amma sunanta na yanka ya gagara. Ta je Tudun Jukun wajen wata tsohuwa da ta taɓa yi wa Iya amshi, ta tarar tsufa ya tafi da hankalinta. Mahaifin Radiya, Malam Aƙilu, bayan rasuwar Iya aka haife shi. Ya zama duk duniya mutum ɗaya ce ta rage da sanin sunan.

"Hajiya, suna ɗaya ne fa," in ji Radiya. "Ki raɗa mini a kunne, ba mai ji."

"Ke tafi can, marar ta-ido! Ni ce zan kama sunan uwar mijina? Ku 'yan boko har mazajenku gatsau kuke kira, kamar kuna kiran mai tallan gyaɗa."

"To idan kika tafi da shi fa?"

"Sai ki biyo ni ki karɓa."

Suka yi dariya, amma maganar ta tsaya wa tsohuwar a rai. Ta haura tamanin, ta san ba ƙarya yarinyar ta yi ba. Sai dai bakin da ya shekara sittin yana kewaye suna ba ya miƙewa don jika ta yi shagwaɓa. A gidan da ta tashi, wannan kunyar ita ce mutuncin mace.

Ranar Asabar aka zaunar da ita a gaba kan kujerar roba. Ajin ya cika, har da masu leƙe ta taga. Radiya ta kunna kaset. Ya yi ta shuu, can sai ga sautin ƙwarya, sai ga muryar nan mai ɗan kaushi. Hajiya Sailuba ta sunkuyar da kai, don ji ta yi kamar Iya ce ta shigo ta same ta zaune a kan kujera.

Da aka zo rufewa, limamin unguwa ya tashi yin addu'a. Ya bi matan da aka ambata ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta, ana cewa amin. Da ya zo kan Iya sai ya dubi Radiya, Radiya ta girgiza kai. Ya ce, "Da wannan baiwar Allah da ba mu san sunanta ba."

Nan abin ya soki Hajiya Sailuba. Ita da take ganin girmama Iya take yi, ashe ita ce ta mayar da ita baiwar Allah da ba a sani ba, a unguwar da ta yi wa kiɗa rabin rayuwarta.

Mutane suka watse. Radiya ta zo ta kama ta za ta tayar da ita, sai tsohuwar ta riƙe hannunta gam. Ta motsa baki, abin ya ƙi fita. Ta sake gwadawa.

"Batulu," ta ce.

Radiya ta durƙusa a gabanta. "Na gode, Hajiya. Allah Ya bar mana ke."

"Tsaya, ban gama ba." Tsohuwar ta ƙara riƙe hannun Radiya. "Kafin ubanki na haifi mace. Ita aka mayar wa sunan. Ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan Iya, ta ina zan kira ta? Ko ɗaukarta ba na yi a gaban mutane. Ba ta yi arba'in ba ta koma."

Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi ƙofar da liman ya fita.

"Yau ne na fara kiran 'yata da sunanta. Je ki tsayar mini da Malam, ya sake addu'ar. Ki ce masa su biyu ne."