Farin Allo a Gubuchi

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, Malam Auwalu ya buɗe 'yar kwalejin horar da malamai a Gubuchi, ɗaki biyu ginin ƙasa, ɗalibai goma sha tara. Karatu yana tafiya, amma takardar shaidar da zai ba su ba ta da daraja sai gwamnati ta amince da makarantar.

Da aka ji sufeto zai zo daga Kaduna ranar Laraba, sai matar Malam, Uwaliya, ta tara matan unguwa. Ba a saukar babban baƙo a ɗaki mai dauɗa, in ji ta. Suka kwaɓa farar ƙasa, suka shafe bango tas, har da baƙin allon da Malam ya sha wuya kafin ya yi shi a jikin bangon.

Sufeto ya shiga, ya duba gabas, ya duba yamma.

"Malam, ina allo? Doka ta ce in ba allo, ba izini."

Malam Auwalu ya dubi farin bangon. Can sai ya tuna, ai shi tun yana yaro da baƙar tawada ya koyi rubutu a kan farin allo. Ya fita, ya tsinto gawayi a murhu, ya rangaɗa lissafi a farin bangon.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe."

Sufeto ya koma bencin ƙarshe ya zauna. Daga can ma rubutun ya fito raɗau, ɗalibai kuma suna ta ba da amsa. Ya murmusa, ya zaro alƙalami.

"Dokar dai ba ta faɗi launi ba," in ji shi, ya sa hannu.